Kwana Huɗu Tsakanin Ruwa da Dusar Ƙanƙara: Jagoran Gajeren Hutu a Kwarin Lauterbrunnen

Idan kwana huɗu ko biyar kacal gare ka, kuma burinka ka tsaya gaban ruwa mai zubowa daga kan dutse sannan ka taka dusar ƙanƙara da ƙafarka, kada ka wahalar da kanka da zagaye Suwizalan kaf. Wuri ɗaya ya ishe ka. A yankin da ake kira Berner Oberland akwai wani kwari mai suna Lauterbrunnen, tsagi ne mai zurfi tsakanin bangayen dutse biyu da suka miƙe sak, ruwa na zubowa daga samansu a wurare 72. Can bisa kwarin ga manyan tsaunuka uku a jere, Eiger da Mönch da Jungfrau, kawunansu fari fat duk shekara. Mafi tsawonsu, Jungfrau, ya kai mita 4,158.

Da yawa daga waɗanda suka je suka dawo suna cizon yatsa, gajimare ne ya yi musu lahani. Mutum ya sayi tikitin hawa dutse tun yana gida, ya ɗaure shi da rana guda, ranar ta zo hazo ya rufe saman ruf, ya biya sama da faranka 200, kuɗin ƙasar, ya je ya kalli farin bango ya sauko. Saboda haka duk shirin da zan shimfiɗa a nan kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: ka tanadi kwanakin, amma ka bar sararin sama ya raba musu aiki. Ranar da gari ya waye tas, ta dutse ce. Ranar hadari da yayyafi, ta ruwa ce.

Zaɓen wata

A gida mun saba ganin matsirgar ruwa ta Gurara ta cika ta batse a Agusta da Satumba, bayan ruwan sama ya zauna. A can narkewar ƙanƙara ce ke ciyar da matsirgan ruwa, don haka ƙarfinsu daga ƙarshen Mayu ne zuwa Yuli. Ni Yuni nake zaɓa wa mutum: ruwa na kan ganiyarsa, ciyawa ta yi kore shar, yini ya yi tsawo har rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, cunkoson hutun makarantu kuma bai gama sauka ba. Yuli da Agusta akwai ɗumi, amma akwai turmutsitsi da tsadar masauki. Satumba sama takan yi garau, sai dai ruwan ya fara sirancewa. Nuwamba kuwa ka kauce mata, lokacin ne ake rufe motocin igiya masu kai mutane saman dutse da dama don gyara, wasu otal ma su kulle ƙofa.

Kada ka zaci za ka tarar da dusar ƙanƙara a cikin gari a watan Yuni. Ƙauyen Lauterbrunnen yana kan mita 800 ne ko ƙasa kaɗan, da rana riga ɗaya ta wadatar. Ƙanƙarar tana sama, sai an hau.

Biza da takardu

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar Schengen ta gajeren zama za ka nema. Tana da ofishin jakadanci a Abuja, haka a Akara da Yawunde. Shafinsu na intanet ne zai nuna maka inda ake miƙa takardu da yadda ake kama layi. Doka ta ba da dama a nema tun wata shida kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15. Kada ka yi wasa da wannan: mai son tafiya a Yuni ya fara motsi tun Maris, don samun ranar ganawa shi ne ya fi cin lokaci.

Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro yankin, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Kuɗin biza na babba yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Dole ne inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Sai shaidar masauki, da ta jirgi, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci da ke nuna kana da abin da zai dawo da kai gida. Kuɗin da aka jibga cikin asusu dare ɗaya ana gab da nema yakan jawo zargi. Asusun da ke nuna shige da fice na yau da kullum ya fi ƙima a idonsu. Idan za ka haɗa da wata ƙasar, ƙasar da za ka fi daɗewa a ciki ita ake nema wa. Otal kuma ka kama wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, har sai biza ta fito.

Abin da zai shiga jaka, da wanda ba zai shiga ba

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Kana iya barin kwari ana digiri 22, ka isa sama ana sifili, ga iska mai yankan kunne. Maganin wannan shi ne kaya hawa-hawa: riga mai dogon hannu da ta kama jiki, suwaita a kai, sannan jaket mai tare iska da ruwa. Kana hawa kana ƙarawa, kana sauka kana ragewa. Ƙatuwar riga guda mai nauyi za ta dame ka a ƙasa. Mai sa kaftani ya sa dogon wando mai kauri a ciki. Mai abaya ta yi haka, ta kuma zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, don matakalai a jiƙe suke. Takalmi ya zama rufaffe mai gurzajjen ƙasa da ba ya santsi. Safar hannu, hular sanyi, man leɓe ko man kaɗanya. Baƙin tabarau kuma wajibi ne, domin dusar ƙanƙara na mayar da hasken rana cikin ido har ya yi masa illa, baƙar fata ma tana ƙonewa a can sama.

Soket ɗinsu daban yake: filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da ake amfani da shi a Najeriya ba ya shiga, sai siririn mai ƙafa biyu zagayayyu. Nemi mahaɗi tun a gida. Ka tabbatar katin bankinka yana aiki a waje kuma ka san iyakar da aka sa masa. Kuɗin ƙasar faranka ce, ba yuro ba. Wasu wuraren suna karɓar yuro amma canjin da za su yi maka ba zai yi daɗi ba.

Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk a bar su a gida. An hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashen da ke wajen Turai, za a ƙwace, ana iya cin ka tara. Dabino ya halatta, kuma shi ne guzurin da ya fi dacewa da hawan dutse.

Daga filin jirgi zuwa kwari

Daga Kano ko Abuja yawanci akan yada zango a Addis Ababa, Alƙahira, Doha, Istambul ko Frankfurt, a sauka Zurik ko Janeba. Zurik ta fi kusa. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin saman, ba ka bukatar tasi. Daga nan zuwa Interlaken Ost tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna, akan sauya jirgi a Bern. Daga Interlaken Ost zuwa Lauterbrunnen minti 20. A nan ka buɗe ido: jirgi ɗaya ne ke tashi, amma a tashar Zweilütschinen yakan rabu biyu, wani sashe ya nufi Lauterbrunnen, wani Grindelwald. Karanta sunan da ke jikin tarago kafin ka zauna.

Sauke manhajar SBB Mobile tun kana gida. Ita za ta faɗa maka lokacin tashi, da lambar dandamali, da mintunan da ke tsakanin jirgi da jirgi. Idan ta ce minti biyar gare ka, biyar ɗin ne, sun isa idan ba ka tsaya ɗaukar hoto ba. Ba a shiga sai da tikiti a hannu, tarar ba ƙarama ba ce, kuma lamba 1 ko 2 da ke jikin ƙofa ajin taragon take nunawa. Agogonsu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Sauran shekara lokaci ɗaya muke.

Batun tikiti ya cancanci ka zauna da biro da takarda. Akwai Swiss Travel Pass, mai ba ka damar shiga jiragen ƙasa da bas da jiragen ruwa na adadin kwanakin da ka saya, har zuwa ƙauyukan Wengen da Mürren da Grindelwald. Daga nan zuwa Jungfraujoch, tashar jirgi ta can sama tsakanin Mönch da Jungfrau, kashi 25 cikin ɗari kawai yake rage maka. Akwai kuma Swiss Half Fare Card na wata guda, wanda ke raba kuɗin kusan kowane tikiti biyu, har da na Jungfraujoch. Ga mai zama a kwari ɗaya da niyyar hawa can ƙololuwa, katin rabin kuɗi ne ya fi yawan cin riba. Rubuta tafiye-tafiyenka, duba farashin kowace a manhaja, ka tara ta hanya biyun ka gani. Mai tafiya da yara ya nemi Swiss Family Card, kyauta ake bayarwa tare da katin iyaye, da shi yaro ɗan shekara 6 zuwa 15 ke bin mahaifi ko mahaifiya ba tare da biya ba.

Masauki

Lauterbrunnen ita ce mahaɗa, daga tasharta kowace hanya ke rabuwa, ita na fi so ga mai gajeren lokaci. Wengen, a kan mita 1,274, da Mürren, a kan 1,638, suna zaune bisa bangayen kwarin biyu, ba a shiga da mota, kallon tsaunuka daga tagoginsu ya fi. Interlaken ta fi yawan otal da gidajen abincin halal, amma kowace safiya sai ka ƙara tafiya. Ko'ina ka zaɓa, nemi ɗaki mai wurin girki, zai rage maka kashe kuɗi ƙwarai. Ana karɓar ɗan harajin baƙi a kan kowane dare. Bayan ƙarfe 10 na dare kuma a rage murya. Mutanen ƙauyen sun sha kokawa da baƙi masu kutsa kai cikin lambunansu da maƙabartarsu don ɗaukar hoto. Gidajen mutane ne, a tsaya a kan hanya.

Aikin farko kowace safiya

Bayan sallar asuba, kafin shayi, buɗe shafin jiragen Jungfrau ka duba kyamarorin da ke nuna saman duwatsu kai tsaye. Ka haɗa da hasashen manhajar MeteoSwiss. Kada ka yanke hukunci da abin da ka gani ta taga: wani lokaci kwari na cikin hazo alhali sama rana ce tangararau, wani lokaci akasin haka. A watannin ɗumi safiya ta fi haske, gajimare kan taru bayan azahar, har a yi tsawa da yamma. Idan kyamara ta nuna sama shuɗiya, sayi tikiti a take ka kama jirgin farko da ka samu. A lokacin cunkoso akan bukaci kama kujera a jirgin ƙarshe mai shiga Jungfraujoch, ka yi shi tare da sayen tikitin. Amma ranar da ka sauka daga jirgin sama kada ka hau, ko da sama ta fi madubi. Bari jiki ya kwana a ƙasa tukuna.

Ranar ruwa

Kana fitowa daga tasha za ka hango Staubbach a ƙarshen titin ƙauyen, tafiyar minti goma. Tsawonta mita 297, kuma saboda babu abin da ke tare ruwan a hanya, kafin ya iso ƙasa iska ta warwatsa shi ya zama feshi, yana kaɗawa hagu da dama. A watannin ɗumi akan buɗe wata 'yar hanya mai matakala da ke bi ta cikin rami ta kai ka wani lungu da aka sassaƙa a jikin dutsen, bayan ruwan. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, ƙasa kuma da laima. Riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya, waya ta zauna a aljihu sai ka tsaya. Daga lungun za ka ga rufin gidaje da hasumiyar cocin ƙauyen ta cikin labulen ruwa, feshi na sauka a fuskarka da sanyin da ke sa haƙora amsawa. Ba a biyan ko sisi.

Daga nan ka ci gaba da ƙafa cikin kwarin. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, tsoho da mai goyo duk za su iya, tana ratsa makiyaya inda shanu ke kiwo da ƙararrawa a wuya. Kimanin minti 45 za su kai ka Trümmelbach. Wanda ƙafa ta gaza ya hau bas mai launin rawaya da ke zuwa Stechelberg daga bakin tasha.

Trümmelbach ce dalilin da ya sa na ce ranar hadari ba asara ba ce, domin a cikin dutse take. Duk ruwan da ke narkewa daga kogunan ƙanƙara na Eiger da Mönch da Jungfrau ta nan yake fita, kuma cikin dubban shekaru ya huda dutsen ya yi wa kansa hanya mai murɗe-murɗe, hawa goma. Idan narkewa ta kai ganiyarta, lita 20,000 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ɗauke da yashi da tsakuwa sama da tan 20,000 a shekara, shi ya sa ruwan yake fari-fari kamar an dama ƙasa a ciki. Za ka biya a ƙofa, ƙasa da faranka 20, ka shiga wani lif da ke hawa a karkace ta cikin dutsen. Shawarata ka hau lif ɗin, ka ƙarasa zuwa hawa na sama da ƙafa, sannan ka gangaro kana kallon sauran ɗaya bayan ɗaya. A ciki ba a jin magana. Ƙarar takan shiga ƙirji, ƙarfen da ka dafa yana rawa a tafin hannunka, fitilu na haska bangon da ruwa ya goge ya yi sumul. Sa jaket tun kafin ka shiga, akwai sanyi da ɗigar ruwa ko'ina. Ba a shiga da yaro ɗan ƙasa da shekara 4, kuma wurin yana buɗe ne daga Afrilu zuwa Nuwamba. Je da wuri, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu. Matakalan ƙunci gare su.

Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa wajen Stechelberg ya ga Mürrenbach, wadda ke gangarowa mita 417 a jikin bango.

Ranar dutse

Hanya biyu ce zuwa Jungfraujoch, kuma ya fi kyau ka hau ta ɗaya ka sauko ta ɗayar. Ta farko daga Lauterbrunnen, jirgi mai haƙora a ƙarƙashi yana rarrafawa ta Wengen zuwa Kleine Scheidegg, mita 2,061. Zauna ta dama wajen hawa, kwarin zai riƙa buɗewa a ƙarƙashinka. Ta biyu daga tashar Grindelwald Terminal, motar igiya mai suna Eiger Express, da aka buɗe a Disambar 2020, tana kai mutum tashar Eigergletscher, inda ake shiga jirgin ƙarshe, cikin minti 15, tana wucewa gab da baƙin bangon arewa na Eiger. Da safe ka bi mai sauri don ka riga gajimare, da yamma ka sauko ta mai nawa.

Sashen ƙarshe kusan duk cikin rami ne, kilomita bakwai da aka haƙa a cikin Eiger da Mönch. Wani attajirin masana'antu, Adolf Guyer-Zeller, shi ya ƙirƙiro aikin. Aka fara a 1896, aka buɗe a 1912, bayan rasuwarsa, kuma ma'aikata da dama, akasarinsu 'yan Italiya, sun rasa rayukansu a haƙar. Tashar da ke sama tana kan mita 3,454, babu tashar jirgin ƙasa da ta kai ta tsawo a Turai.

A wannan tsawon, kowane numfashi kusan kashi biyu cikin uku yake ba ka na iskar da ka saba samu a bakin teku. Za ka ji haki bayan matakala goma, wataƙila da ɗan jiri. Taka a hankali, sha ruwa, ci dabino, kada ka yi gudu don hoto. Idan ciwon kai ya tsananta ko amai ya taso, magani ɗaya ne: shiga jirgi ka sauka. Akwai kuma maganar da ta shafe mu fiye da yawancin masu zuwa wurin, wato sikila. Ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki, ukun nan su ne ke tayar da ciwon, kuma ga su a haɗe a wuri ɗaya. Mai SS kada ya hau, kada a hau da yaro mai ita, sai da izinin likitan da ya san shi. Mai AS galibi lafiya lau yake sauka, amma an san tsawo irin wannan na iya taɓa saifa. In ka ji suka mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, sauka nan take ka nemi asibiti. Mai ciwon zuciya ko huhu, da mai juna biyu, su ma su tambayi likita kafin su baro gida. Lambar motar asibiti 144 ce, ta gaggawa gaba ɗaya 112.

Da isarka, wuce shaguna ka tafi kai tsaye lif ɗin da ke kai wa Sphinx, dandalin kallo a mita 3,571, tun sama na buɗe. Ta kudu za ka ga Aletsch, kogin ƙanƙara mafi girma a tsaunukan Alps, kimanin kilomita 20, yana kwance tsakanin duwatsu da baƙaƙen layukan tsakuwa a bayansa. Tun 2001 yankin yake cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, kuma kowace shekara ƙanƙarar ja da baya take yi saboda ɗumamar yanayi. Bayan nan ka fita filin da aka kafa tutar ƙasar, inda za ka taka dusar da kanka. Da safe tana da ƙarfi, tana ƙara ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin takalmi. Rana na ɗagawa sai ta yi laushi ta fara jiƙa safa. Cire safar hannu ka damƙi kaɗan, amma kada ka daɗe, yatsu kan mutu da sauri. Kada ka tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita ko da taku ɗaya, akwai ramuka masu zurfi da dusa ta rufe bakinsu. Akwai kuma fadar ƙanƙara da aka sassaƙa a cikin kogin, ƙasanta santsi ne, bi ta jikin ƙarfe. Awa biyu zuwa uku sun isa duka.

Wanda lafiya ko aljihu ya hana shi Jungfraujoch bai yi asarar tafiya ba. Daga Lauterbrunnen hau motar igiya zuwa Grütschalp, ka taka zuwa Mürren, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a hanya mai sauƙi, tsaunukan uku na fuskantarka tun daga farko har ƙarshe. A gaskiya daga nan aka fi ganin siffarsu, don wanda ke kan dutse ba ya ganin dutsen. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya zai ji kamar ya san wurin, da yawa daga waƙoƙinsu a wannan yanki aka ɗauka. Daga Mürren ana iya ƙarasawa Schilthorn, mita 2,970, a farkon watannin ɗumi akan tarar da sauran dusa. Allunan hanya lokaci suke nunawa maimakon nisa. Mai rawaya zalla hanya ce ta kowa. Mai fari da ja ta masu takalmin dutse ce. Mai fari da shuɗi ba taka ba ce. In ka haɗu da saniya da ɗan maraƙi, ba ta wuri, kuma siririyar wayar da ke kewaye da makiyaya tana da lantarki.

Ci da sha da ibada

Da wuya ka ci faranti ɗaya a gidan abinci da ƙasa da faranka 25. Shagunan Coop da Migros su ne rufin asiri: burodi, ƙwai, shinkafa, kifin gwangwani, madara, 'ya'yan itace. Akwai Coop daura da tashar Lauterbrunnen, sai dai ana rufewa da wuri, ka yi cefane tun da la'asar. Ruwan famfo mai kyau ne, haka na maɓuɓɓugan kan titi, sai inda aka rubuta Kein Trinkwasser. Riƙe kalmomi uku na Jamusanci: Schwein, Speck, Schinken, duk alade ne. Rösti, soyayyen gurzajjen dankali, yana da daɗi amma sau da yawa akan sa masa Speck, ka ce a cire tun wajen oda. Fondue, narkakken cukun da suke alfahari da shi, da giya ake dafa shi a al'ada. Naman halal sai Interlaken, inda baƙi daga ƙasashen Larabawa suka sa gidajen abincinsa suka yawaita.

Ba za ka ji kiran salla ba, manhaja ce ladaninka. A Yuni alfijir na ketowa kafin ƙarfe 4, isha kuma sai wajen 11 na dare, don haka ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. Bayan gidansu babu buta, 'yar gorar roba a jaka za ta yi aikin, na tashoshi kuma wasu sai an biya. 'Yan uwa mata masu niƙabi su sani cewa tun 1 ga Janairun 2025 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a a duk faɗin ƙasar, da tara a kai, kuma ba a cire baƙi ba. Hijabin da ya bar fuska a buɗe babu abin da ya taɓa shi.

Ranar da ta rage, da ranar komawa

Kwana na uku ajiya ne: idan sama ta ƙi buɗewa a baya, ga damarka ta biyu. In kuwa ka riga ka hau, sauka Interlaken Ost ka shiga jirgin ruwa a tafkin Brienz, mai ruwa kore-shuɗi saboda garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa. Cikin kusan awa ɗaya za ka isa Giessbach, inda ruwa ke gangarowa hawa 14 ta cikin daji zuwa tafkin. Wani ɗan jirgin igiya da ke aiki tun 1879 zai ɗauke ka daga bakin ruwa zuwa tsohon otal ɗin da ke sama, daga nan hanya ta bi ta bayan ɗaya daga cikin hawan. Duba lokacin jirgin ruwa na ƙarshe kafin ka fara hawa.

Ranar komawa, in jirginka na dare ne daga Zurik, ajiye kaya a akwatunan haya na babbar tashar birnin ka tafi Rheinfall kusa da Schaffhausen, ƙasa da awa ɗaya. Tsawonta mita 23 ne kawai, amma faɗinta 150, kuma a lokacin ɗumi kimanin lita 600,000 ke wucewa kowace daƙiƙa. Ta gefen Neuhausen kallo kyauta ne. Ta gefen Schloss Laufen ana biya, amma dandalin ya kai ka har inda feshi ke jiƙa riga. Ƙananan jiragen ruwa na kai mutane kan dutsen da ke tsakiya, sai dai layinsu kan yi tsawo. Ka ƙirga awa ɗaya ta dawowa Zurik, da ɗaukar kaya, da minti goma sha zuwa filin jirgi, da awa uku kafin tashi. Abin da ya saura shi ne lokacinka a bakin ruwan, in bai kai awa biyu ba ka bar shiga jirgin ruwan.